Asalin Kifin Raja Shukurullah

Duk ƙasar da Allah ya nufa da alheri yakan ba ta mutum guda wanda zai ɗauke wa sauran jama'a wahalar sanin komai. Mu mutanen kwarin Daloshar, rabonmu ya faɗo kan Raja Shukurullah Baig, Shugaban Ƙungiyar Masu Fatsa ta Tafkin Daloshar, Uban Kifaye, Garkuwar Ruwan Sanyi. Shi ya kafa ƙungiyar, shi ya tsaya takara, shi ya ƙidaya ƙuri'u, kuma da sakamako ya fito ya karɓe shi da tawali'u. Mu tara ne a cikinta, idan an haɗa da mutum biyu da suka rasu, waɗanda Shugaba ya hana a soke sunayensu saboda ba su taɓa yi masa musu ba.

Ni ne magatakardan ƙungiyar. Na yi shekara talatin da shida ina koyarwa, goma sha tara daga ciki ina shugaban makarantar garinmu, kuma ban taɓa rubuta abin da ban gani ko ban auna ba. A hannuna littafin kamu yake, inda ake shigar da kowane kifi da ya fito daga tafki: rana, nauyi, da sunan wanda ya kama. Saboda haka abin da zan faɗa game da wannan bawan Allah ba jita-jitar teburin mai shayi ba ce.

Da farko dai, kada wani ya yi zaton sunan Raja da yake amsawa gadon gidan sarauta ne. Ya fi haka daraja, domin da guminsa ya same shi. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a gidan waya na Gilgit, babban birnin yankinmu. Wata rana wani baƙo da ya ɓata hanya ya kira shi Raja Sahib, wato yallaɓai basarake, shi kuwa mutum ne mai kunya, bai iya gyara wa baƙo magana ba. Har yau bai samu zarafin gyarawa ba.

Kowane namiji a nan yana sa hular ulu, mai son ado ya soka mata gashin tsuntsu guda. Ta Raja Sahib uku gare ta. Falmaransa tana da aljihu goma sha huɗu, kowanne cike da ƙudajen ƙarya, irin waɗanda ake ɗaurawa da zare da gashin zakara a jikin ƙugiya don a yaudari kifi. Sandar fatsarsa kuwa daga Ingila aka kawo ta, tana da gidanta na fata, kuma tana halartar duk abin da yake halarta. Na gan ta a wurin suna, na gan ta a ɗaurin aure, na gan ta a jana'iza sau biyu.

Asalin girmansa yana komawa ga kakansa. Kowa ya san tafkinmu da can babu tirawut a cikinsa, wato kifin nan mai jajayen ɗigo da ba ya rayuwa sai a ruwan ƙanƙara. Wani Bature ne ya sa aka hauro da ƙwansa daga Kashmir ta kan duwatsu, fiye da shekara ɗari da suka wuce. Abin da ba kowa ya sani ba, sai wanda ya taɓa zama kusa da Raja Sahib na minti biyar, shi ne cewa kakansa Mirbaz ne ya goyo akwatin ƙwan a bayansa. Lokacin da na fara jin labarin, kwana tara aka yi a hanya. Bara sun kai arba'in, an kuma samu ƙarin damisa guda. A ruwayar da ta fi sa shi hawaye, da sanyi ya tsananta a bisa dutse, Mirbaz ya kwashe ƙwan ya rungume su cikin hammatarsa don kada su daskare. Na koyar da kimiyya, na kuma san cewa cikin ƙanƙara ake ɗauko wannan ƙwai, ɗumin jikin mutum kashe shi yake yi. Na taɓa ambata masa haka cikin ladabi. Ya ce hammatar mutanen da ba irin ta yanzu ba ce.

Akwai hoton wannan tafiya a bangon ɗakin ƙungiya. Baturen yana tsakiya, akwatin yana kan alfadari. A can gefe akwai hannu guda riƙe da igiyar alfadarin, sauran jikin yana wajen hoto. Wannan hannu shi ne Mirbaz. Raja Sahib yakan ce kowa ya duba ya ga kamar da ke tsakaninsu.

A bakin tafki, daga gabas, akwai wani lungun ruwa mai zurfi da faffaɗan dutse a gabansa. Sunansa Dutsen Shugaba, kuma doka ta biyu ta ƙungiya ta hana kowa jefa ƙugiya a wurin sai shi. Littafin kamu ya nuna cewa shekara goma sha ɗaya ke nan rabon da a rubuta kifi a gaban sunansa. Masu gajeren tunani suna ganin wannan gazawa ce. Shi ya bayyana mana hakikanin abin: kifin tafkin nan ya san jikan wanda ya kawo shi, yana jin nauyinsa, shi ya sa ba ya kusantar ƙugiyarsa. Ɗan asali ba ya cin abinci a gaban babba.

Ba zan rufe jerin kyawawan halayensa ba sai na ambaci zumunci. Al'adarmu ce a wurin biki, idan abinci ya nuna, mai dafuwa ya buga ludayi a murfin babbar tukunya don jama'a su matso. Gidan Raja Sahib yana can ƙarshen gari, bayan gada. Amma tun da ya bar aiki ya dawo gida ban taɓa jin an buga murfi ba face kafin ƙarar ta gama dawowa daga duwatsu yana zaune a kan shimfiɗa, ya naɗe hannun riga. Irin wannan kula da haƙƙin maƙwabci ta yi ƙaranci a zamanin nan.

Babban mutum ba ya rasa abokin gaba. Nasa ita ce Bibi Zumrad.

Bibi Zumrad matar Hukum Shah ce, wanda dutse ya gangaro masa a wurin aikin hanya ya bar shi ba ya iya tsayuwa. 'Ya'yansu huɗu, duk mata, biyu na koyar da su da kaina. Da abin ya faru, ta sayar da shanunta ta gina kwami uku na siminti a gefen rafin da ke sauka daga ƙanƙara, ta samu takardar izini, ta ja ruwa ta wata 'yar magudana, ta fara kiwon tirawut. Ruwan yana shiga ta sama, ya ratsa kwamin, ya fita ta ragar waya zuwa gonaki. Safe da yamma takan zo da bokitin ƙarfe cike da abincin kifi, ta buga masa ludayi sau uku, kifayen su taso kamar kaji, ta watsa musu. Da wannan take ciyar da mutum shida.

Laifinta ga Raja Sahib mai girma ne. A da, matafiyan da suka hauro kwarin a lokacin zafi sukan tsaya a bakin tafki, su faɗa hannunsa, su saurari tarihin Mirbaz da damisa. Yanzu a ƙofar Bibi Zumrad suke tsayawa, su ci soyayyen kifi da gurasa, su wuce. Ya jure wannan. Abin da bai jure ba shi ne ranar da ya tsaya kusa da kwaminta yana harare-harare, wata baƙuwa daga Lahore ta miƙa masa makullin mota, ta ce maigadi ya taimaka ya duba mata ko ta kulle ƙofa.

A makon nan ya kira taron gaggawa, ya miƙe, ya dafa sandarsa.

"'Yan'uwa masu fatsa," ya ce, "kifi iri biyu ne a duniya, kamar yadda mutane suke iri biyu. Akwai ɗan asali, wanda yake farautar abincinsa a ruwa mai gudu, ba ya sunkuyar da kai ga kowa. Akwai kuma cima-zaune, ɗan siminti, wanda ake kira da ludayi ya zo da gudu baki buɗe. Da ludayi, jama'a! Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan bayin ciki ya sulale ya shiga tafkinmu ya haɗa jini da zuriyar da kakana ya goyo, ranar nan wahalar Mirbaz ta tashi a banza. Ni kuwa ba zan tsaya gabansa gobe kiyama in ce ina raye aka yi ba."

Nan take ya shifta mini doka ta bakwai: duk wanda ya sa kifin kwami a Tafkin Daloshar, ko ya sa aka sa, ko ya sani ya yi shiru, an kore shi daga ƙungiya, a rataye sandarsa a bango, kuma kada ya sake taka bakin tafki har ya mutu. Ya ce in ja layi biyu a ƙarƙashin "har ya mutu". Na ja.

Sannan ya rubuta ƙara mai shafi goma sha ɗaya zuwa ga hukumar da ke ba da izinin kiwon kifi, yana neman a toshe magudanar Bibi Zumrad. Na gyara masa kurakurai ashirin da uku na rubutu. Na kuma gaya masa cewa tirawut ba ya wuce rabin yini idan ruwa ya daina gudu, kuma a gidan nan akwai gurgu da yara. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Ustad Sahib, kai ka karanta littattafai. Tarihi ba ya tambayar yara nawa ne."

Amsa ta zo bayan mako uku. Za a turo jami'i ranar Alhamis. Yana so a ajiye masa kifin tafki da kifin kwami gefe da gefe, ya ga bambancin da idonsa. Idan ƙarar ta tabbata, zai toshe ruwan a ranar. Raja Sahib ya karanta wasiƙar a kasuwa sau huɗu, ya kuma sanar cewa da hannunsa zai kamo kifin, daga Dutsen Shugaba, a gaban jami'i da duk mai ido. Wani ya ce ko a bar Sherbaz mai gyaran takalma ya kama, tunda shi ba ya dawowa hannu wofi. Raja Sahib ya ce ba a aiken ƙafa inda kai zai je.

Da ya koma gida, ina jin ya tuna da littafin kamu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar Talata aka yi wasan ƙwallon dawaki tsakanin garinmu da na ƙetaren rafi, kuma duk mai ƙafa ya tafi fili. Bibi Zumrad ba ta je ba, kifi bai san ranar wasa ba. Da hantsi sai ga jif ta tsaya a ƙofarta da duro biyu a baya. Mai tuƙin shi ne Niat Wali, mijin 'yar Raja Sahib, mutum mai kirki wanda babban kuskurensa a rayuwa shi ne ba ya iya cewa a'a. Daga bakinsu su biyun na ji yadda ta kaya, kuma ruwayoyin sun dace.

"Bibi, kifi nake so, ashirin, manya. Masu rai."

"Masu rai? Me za a yi da su?"

"Biki ake yi can ƙasa."

"Bikin wa? Ban ji ba."

"Ba ki san su ba. Baƙi ne."

"To, amaryar ce za ta yi iyo da su, ko angon?"

Niat Wali ya share gumi, alhali iskar ƙanƙara ke kaɗawa. Ya ce mutanen suna son sabon kifi ne ƙwarai.

"Madalla. Yaya surukinka? An ce jibi zai kama mana kifin tarihi."

"Yana lafiya. Bibi, don Allah ki zuba mini in tafi."

Ta zaɓo masa ashirin mafi girma, ta zuba a duro, ta ce ya riƙa ƙara musu ruwan sanyi a hanya tunda tafiyar da nisa. Ta tsaya tana kallon jif ɗin. Hanyar ƙasa tana hagu. Jif ta yi dama, wajen tafki. Bibi Zumrad ta wanke hannunta, ta koma ta dama wa mijinta shayi mai gishiri, ba ta ce wa kowa uffan ba. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Ranar Alhamis gari ya waye tas. An shimfiɗa darduma a bakin tafki, an kafa tukwane a filin da ke sama don karrama baƙo. Jami'in ya iso da ƙarfe goma da kwata. Sunansa Didar Karim, matashi ne mai ladabi da sabon takalmi. Cikin gaisuwa ya gaya mini cewa wata biyu ke nan da aka dawo da shi daga sashen kula da awaki, kuma yana fatan mu manya mu haska masa hanya. Da na ji haka, na dubi Bibi Zumrad da ke tsaye can baya da bokitinta a hannu, na ji ba daɗi. A jakar wannan yaro akwai hatimi, kuma bayan jif ɗinsa akwai buhun siminti.

Raja Sahib ya hau Dutsen Shugaba. Ya ɗauki minti ashirin yana zaɓen ƙuda, yana ɗaga kowanne ga rana. Ya bayyana wa jami'i cewa kifin Daloshar ya fi malamin jami'a wayo, wani lokaci sai mutum ya yi shekaru yana lallashinsa. Sannan ya wurga. Ƙugiyar ta kama gashin hularsa na tsakiya. Aka cire. Ya sake wurgawa, zaren ya faɗi tuli guda, taku huɗu daga ƙafarsa.

Ruwan ya fashe. Kifayen da suka kwana biyu ba a buga musu bokiti ba, da takalmi aka jefa musu da sun haɗiye. Sanda ta lanƙwashe, Raja Sahib ya yi salati da ƙarfi, ya zauna daɓas a kan dutse, ya ja, Sherbaz ya taimaka da hannu, sai ga kifi a tudu yana birgima. Na auna shi: kilo biyu da giram ɗari uku. Jama'a suka matso suna leƙe, domin da yawansu ba su taɓa ganin wannan sanda ta jiƙe da dalili ba.

Aka kawo katako, aka kwantar da shi a dama. Aka kwantar da wani daga kwamin Bibi Zumrad a hagu. Ni dai na duba da tabarau, na duba babu tabarau. Da uwa ɗaya ta haife su ba za su fi haka kama ba.

"Jami'i Sahib," in ji Raja Sahib, yana nuni da tsinin sanda, "ka buɗe ido, yau za ka koyi abin da ba ya cikin littafi. Dubi na dama. Dubi goshi. Dubi yadda ya mutu bakinsa a rufe, bai roƙi kowa ba. Wannan jini ne da ya tsallako duwatsu bakwai. Ina ganin idon kakana a idonsa. Yanzu dubi na hagu. Dubi tumbi. Dubi wannan kallo na wanda bai taɓa neman na kansa ba."

Didar Karim ya sunkuya, ya ce cikin ladabi yana ganin kamar wutsiyoyin duka biyun sun ɗan cinye a gefe.

"Ka fara ganewa! Na dama, gwagwarmaya da igiyar ruwa da duwatsu ce ta cinye tasa. Na hagu kuwa gogar siminti ce, tsabar zaman banza. Ciwo ɗaya, asali daban. Tabon soja da tabon ɓarawo ai ba ɗaya ba ne."

Jami'in ya gyaɗa kai. Ya ce lallai tafkin da jifa biyu ke fitar da irin wannan kifi dukiya ce da ya wajaba a tsare. Ya buɗe jaka, ya fito da takarda, ya fito da hatimi. Ya tambaya, don cika ƙa'ida, ko mai kwamin tana da abin cewa.

Bibi Zumrad ta matso, ta gyara mayafinta.

"Jami'i Sahib, ni ban iya jawabi ba, Raja Sahib ya cinye na garin duka. Izini kawai nake nema in gaisa da tafki."

Aka ba ta hanya. Ta sauka gefen Dutsen Shugaba har ruwa ya taɓa takalminta. Ta ɗaga ludayi, ta buga wa bokiti. Ɗaya. Biyu. Uku.

Na karanta labaran abubuwan al'ajabi da yawa, amma wannan da idona na gani. Lungun nan ya tafasa. Zuriyar Mirbaz, 'yan asalin da ba su sunkuyar da kai ga kowa, suka taso daga zurfi suna hawan juna, baki buɗe, suka yi cincirindo a gaban ƙafafunta har suna fantsama wa jami'i ruwa a sabon takalmi. Ta watsa musu tafi guda, tana ƙidayawa da ludayi.

"Sha bakwai, sha takwas, sha tara. Sannunku, 'yan biki. Yaya amarya?" Ta juyo ta dubi katako. "Wancan na dama mai tsagar leɓe, tun yana kamar allura na raine shi. Shi ya fi kowa haɗama. Allah ya jiƙan kakanka, Raja Sahib, amma wannan idon ba nasa ba ne."

Ba wanda ya yi dariya da farko. Sai muryar Niat Wali ta fito daga cikin taro, a raunane.

"Baba, ai na ce maka mu je can ƙasa mu sayo a wurin da ba a san mu ba. Ka ce nisa."

Daga nan ban iya riƙe tsarin taro ba. Sherbaz mai takalma sai da aka riƙe shi kada ya faɗa ruwa.

Didar Karim ya mayar da murfin hatimi a hankali. Ya ce shi dai awaki ya sani, amma ko a wurin awaki, wadda ta amsa kiran mutum tasa ce. Ya tambaya ko kifin nan ta ragar waya suka sulalo. Niat Wali ya ce a'a, a duro suka zo, shi ya tuƙo su. Jami'in ya yage takardar farko, ya fito da wata, ya sabunta wa Bibi Zumrad izininta na shekara biyar, ya buga hatimi. Sannan ya tambaya ko ƙungiyarmu tana da wani tanadi game da mai zuba kifin kwami a tafki.

Ni magatakarda ne. Na buɗe littafi, na karanta doka ta bakwai daga farko har ƙarshe, na kuma nuna wa jama'a layi biyun da aka ja. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

A nan ne girman Raja Shukurullah ya bayyana a cikakkiyar siffarsa. Ƙaramin mutum da ya nemi ƙasa ta tsage. Shi kuwa ya miƙe, ya kakkaɓe falmara, ya gyara gashin hula biyu da suka rage.

"Jama'a," ya ce, "abin da kuka gani gwaji ne. Na shirya shi da kaina, na sadaukar da sunana, don in nuna wa hukuma yadda kifin siminti yake iya shiga tafki har ya yaudari idon da ya fi kowane ido a ƙasar nan. Idan ni ya ruɗe ni, ina ga ku? Ba na neman godiya. Tarihi zai yi mini ita."

Ya miƙa mini sandar da hannu biyu, kamar sarkin yaƙin da ya ga dama ya huta. Tana nan rataye a ɗakin ƙungiya, ƙarƙashin hoton alfadari. A littafin kamu na rubuta abin da na gani: Alhamis, kifi ɗaya, kilo biyu da giram ɗari uku, wanda ya kama R. S. Baig, mai kifi Bibi Zumrad.

Ya juya ya kama hanyar gida shi kaɗai, kansa a sama, bai waiwayi tafkin da aka haramta masa ba. Na bi shi da kallo har ya kai gada, na kuma yarda a raina cewa tafiyar tana da kwarjini. Har na fara tunanin ko mun tsananta.

Daidai lokacin shinkafar baƙo ta nuna a filin sama. Mai dafuwa ya ɗaga ludayi ya buga wa murfin tukunya, sau uku.

A lungun Dutsen Shugaba ruwa ya sake tafasa, kifi goma sha tara suka taso baki buɗe. Muka haura fili, jami'i a gaba, muna biye. Da muka isa, mun tarar da mutum ɗaya ya riga mu. Yana zaune a tsakiyar shimfiɗa, ya naɗe hannun riga, yana ɗan haki.

Bibi Zumrad ta ajiye bokitinta, ta dube shi, ta dube ni.

"Ustad Sahib, gyara lissafinka. Ga na ashirin ɗin."